Mati Mai Igiya da Sabuwar Hanya

A bakin wani direba na fara jin sunan Mati. Shekarar da na shiga kolej a Madawa ce, ina zaune bisa buhunan wake a bayan kamiyo, babbar motar kaya, sai igiya ta tsinke, kaya sunka zube cikin rairayi. Direban ya sauko ya hau mai kayan da faɗa: "Na ce maka ka sayi ta Mati, ka ce tsada! To sauka ka kwashi arha."

Da na koma Babankatami hutu na ba kakata Dela labarin don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya." Agana ta cinye masa idanu tun yana goye. Da ya tasa, dangi sunka so a riƙa jan shi kasuwa-kasuwa yana bara, ya ce ko yunwa za ta kashe shi ba ya miƙa ma kowa hannu. Ya bar gida, ya koyi tubkar igiya, ya zauna a wani gari tsakanin Buza da Madawa inda hanyar motoci ta ratsa tsakiyar kasuwa.

Daga nan, duk komawa lakwal, wato makaranta, sai na sauka wurinsa in yini. Mazauninsa gindin wani gawo ne a bakin hanya, kaba jiƙaƙƙiya a gefe, igiya maƙale a babban yatsan ƙafa, hannu na murzawa. Tun daga nesa yake sanin motar wane ce ta kukan injinta. Ni kuwa da takuna yake gane ni.

"Amaryata ta zo! Zali, har yanzu nasaran takardun nan bai sake ki ba?"

"Ai kai ka ƙi biyan sadaki, tsoho."

"Ga igiya, ki ɗaure mushenku, malamin lakwal ɗin nan, ki kawo mini shi."

Direbobi ba su wuce shi. In sun tsaya cin tuwo sai su zo su ja igiya, su taka da ƙafa, su yi ta ciniki, shi ko yana zaginsu suna dariya. Bai taɓa yarda a bar masa canji ba. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, yana zaune a gidan Umaru, ɗan wansa, amma hatsin da yake ci shi ke saye. Kuma babu mai riƙe masa sanda. Garin duka yana cikin kansa: babbar hanya mai motoci, sai a bi ta gefe, lungun jakai da ya bi bayan gidansu ya fita gonaki, wannan ko tsakiya mutum ya bi ba abin da zai same shi.

Wajen 1982 anka yi sabuwar hanya ta kewaye garin ta yamma. Mutane sun yi murna, don motoci sun sha take awaki a kasuwa. Kafin damina ta ƙare tsohuwar hanya ta mutu. Masu tuwo da masu shayi sunka kwashe rumfunansu sunka koma sabuwar tasha. Mati ya yi ta zama gindin gawo yana jin motocin da ya sani suna wucewa can nesa ba su tsayawa. Daga bisani shi ma ya ɗauki igiyoyi a kafaɗa ya bi su.

Lungun jakai shi ne mafi kusa zuwa sabuwar tasha. Direbobin ƙananan motoci ma sun gano haka. Duk mai son shiga kasuwa daga sabuwar hanya sai ya yanke ta nan, a guje, tsakanin darni da darni. An faɗa ma Mati, ya ce ya ji. Amma ƙafa ta saba da tsakiyar lungun tun kafin a haifi direbobin. Wata ranar kasuwa da hantsi, mota ɗauke da tumaki ta karyo kwana ta ɗebe shi. Ba ta tsaya ba. Maɗori ya yi iyakar yinsa, ƙugun bai kamu ba. Mati bai sake tsayuwa da ƙafarsa ba.

Umaru na da amalanken jaki. Ya ce, "Baba, kada ka damu, ni zan riƙa kai ka tasha ka yi cinikinka." Mutane sunka yi ta sa masa albarka.

Abin da Mati bai sani ba, direbobin sabuwar hanya ba su neman igiyar kaba. Masu dogon zango ne, da igiyar roba suke ɗaure kaya, ba su san shi ba. Abin da suke gani tsoho makaho gurgu a kan tabarma, sai su jefa sadaka su wuce. In Mati ya ji ƙarar kuɗi ya ɗaga igiya yana cewa "ga kayanka," sai Umaru ya zagayo ta gaba ya karɓa, ya ce, "An amsa, Baba." Da maraice ya maida ta cikin buhu. Kaba ma ya daina sayo masa, ya ce ta yi wuya, sai an ƙarar da igiyoyin da ke ɗaki. Tasha duka ta sani. Habu mai shayi har kirari yake yi: "Ku zo ku ga igiyar albarka, a saye ta da safe, ta kwana gida!" Mati na dariya tare da su, yana zaton yabo ne.

Na sauka a tashar ranar da abin ya fito. Akwai wata igiya da kaba ta ƙare ma Mati a tsakiyarta, ya cike da rama. Ya tuna ya miƙa ta ga wani mai zuwa Tawa. Ran nan yana laluben kaya hannunsa ya faɗa kan mahaɗin. Ya shafa, ya sake shafawa.

"Umaru, mi ya maido wagga?"

"Wace, Baba?"

"Wadda na saida ma mai zuwa Tawa."

Habu ya tuntsire da dariya har shayi ya zube masa. Umaru ya duba ya ga mutane sun taru, kunya ta koma masa fushi.

"To ka ji. Ba wanda ya sayi igiyarka tun da ka karye. Sadaka ce kake ci, ita muke ci. Kai makaho ne, Baba, yanzu kuma gurgu. Mi kake so in yi da kai?"

Mati ya ce a maida shi gida. Umaru ya ce sai motar la'asar ta wuce. Haka ya zauna har ta wuce.

Washegari ya ƙi fita. Umaru ya sungume shi kamar buhu ya aza a amalanke. Igiyoyin ma ba a sake shimfiɗa su ba, don Umaru ya lura an fi bayarwa in ba kaya a gabansa. Na kai ƙara wurin kakata, ta yi kuka, ta ce rumbunmu bai kai mu kaka ba, ina za ta sa shi. Na yi ma Umaru magana, ya ce in ina da gida a Madawa in ɗauke shi yau. Ɗaki nake rabawa da 'yan mata uku a gidan mutane. Mati ya yi shekara biyu a kan tabarmar nan kafin ya rasu. Bai taɓa buɗe baki ya roƙa ba, kuma bai taɓa cewa "Allah shi biya" ba. Fasinjoji har cewa suke wannan makaho ba shi da godiya.

Wata rana cikin shekarun nan na sauka na durƙusa gabansa. Bai ce amaryata ba. Ya saurara sai da ya tabbata Umaru ya tafi shayar da jaki, sannan ya ɗaga riga ya kwance wata igiya da ya naɗe a cikinsa. Mai mahaɗin rama ce.

"Zali, ba saye za ki yi ba, kada ki ba ni komi. Ki kai ta rijiyar bayan tasha, ki ɗaura guga, ki ja ruwa da ita sosai, har hannunki ya yi zafi. In mata sun ce ki ara masu, ki ara. Sannan ki maido mini ita a jiƙe in taɓa."