Sai Agogon Ya Koma Maki

Karatuna bai wuce aji biyu ba, shi ma rabinsa a bisa mangwaron bayan makaranta na yi shi. Amma abu guda na riƙe game da waya: in ka tura saƙon murya, muddin ɗan agogon nan yana gefensa, maganarka tana hannunka. Sai ya koma maki ta tafi. Mutanenmu na Dauran kuwa da sun danna sai su kashe data, wai kada ta ƙone, su zauna jiran amsa.

Matar ɗana ta haihu a Legas, mace. Ɗan nawa ya ce in aiko da sunan da za a raɗa kafin safiyar suna, in ba haka ba surukansa sun tanadi nasu. Ni kuwa sunan mahaifiyata nake so. Lokacin babu sabis a garinmu, sai na bi motar kasuwa zuwa Ƙaura, ana gobe suna.

Na kira, layi na ta tsinkewa, sai na ɗauki murya. To, dattijo ba ya faɗa wa magana ba gaisuwa. Na gaida shi, na gaida mai jego, na gaida maƙwabtan da ban taɓa gani ba, na ba da labarin damina, sannan na faɗi sunan a can ƙarshe. Saƙo ya yi nauyi kamar buhun gero, ya ƙi tashi.

Direban motar da za ta maida mu gida ya danna oda. "Baba, la'asar ta yi! Hanyar ga ba a yamma bisanta. Shigo, in mun kai gida ya tahi."

"Da wane sabis, ɗan nema? Na rijiya?"

Wata tsohuwa ta leƙo ta taga. "Malam, ai ka danna. Mi kake jira, ya yi ma bankwana?"

"Awo, Hajiya. Ni ban rufe ƙofa baƙo na tsakiyar zaure."

Na sauke kayana. Mota ta tafi, ana yi mini dariya. Na hau tarin buhunan wani mai dawa, hannu a sama, batir ya yi ja. Mai dawa na cewa in sauka, ina cewa sai dai ya sauke ni da buhun. Kafaɗata ta sage kafin agogo ya koma maki.

A zauren wani aminina na kwana, sauro ya yi biki a kaina. Yarinyar yanzu tana gudu. Babu mai iya faɗin sunanta a gabana, Inna suke ce mata, har surukan.