Agogon Awon Jinin Inna Dela

Badamasi bakanike ne a Bagudo, garejinsa na bakin hanyar Illo, ni kuma ina faci a gefensa tun muna samari. Mutum ne da hannunsa ba ya zama. Ka ba shi aron rediyo lafiya lau, sai ya buɗe cikinta don ya ga abin da ke magana. Abu biyu na san yana so a duniya, tsohuwar motarsa da mahaifiyarsa, Inna Dela, wadda hawan jini ya daɗe yana wahalar da ita.

Saboda ciwon nan aka saya wa Inna abin awon jini, irin mai famfo da agogo. Folake mai kemis, wadda muke kira Maman Ayo, ita ke shigowa ta auna ta. Abin da allurar agogon ta nuna, da shi Inna ke sanin ko ta ci gishiri ko ta haƙura.

To, sai Badamasi ya samo turbo daga tsallaken iyaka ya ɗaura wa motarsa. Mota ta koma doki, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce iskar da turbo ke turawa in ta yi yawa, injin zai fashe, kuma ba shi da abin da zai auna ta. Ya yi ta cigiya har garin Malambil da ke tsallaken iyaka, bai samu ba.

Wata ranar kasuwa na gan shi ya ja siririn tiyo daga injin har gaban sitiyari, ya ɗaure bakinsa da waya, ya maƙala wani agogo da roba. Ina leƙawa na gane agogon.

"Badamasi, wanga ba na Inna ba ne?"

"Aro ni yi," in ji shi. "Iska dai iska ta, ko ta hannu ko ta inji. Kahin Maman Ayo ta zo na maishe shi."

Na shiga muka hau hanyar Illo. Yana taka totur, allurar ta yi tsalle ta bugi ƙarshe, ta maƙale a can. Da muka dawo ta ƙi sauka. Shi ko a jikinsa. Ya ɓalle gilashin, ya zare allurar, ya mayar da ita kan sifili da yatsa, ya goge maiƙon, ya kai wa Inna kayanta. Na ce masa ya faɗa wa Maman Ayo, ya ce in je in ji da tayoyina. Har yau in na tuna wannan amsar raina ɓaci yake.

Daga nan awo ya riƙa fitowa da kyau. Maman Ayo ta yi mamaki, amma ta ce a ci gaba da shan magani. Ina! Inna ta ga da idonta jini ya sauka. Ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa, ta koma wa miyar busasshen kifi da gishirinta, tana ba maƙwabta labarin ta warke. Badamasi ya fi kowa murna, har rago ya ce zai yanka. Wallahi bai taɓa kawo agogon nan a ransa ba.

Da ciwon kai ya matsa wa Inna, Maman Ayo ta zo da nata abin awon. Na Inna ya ce lafiya. Nata ya nuna abin da ya sa ta miƙe tsaye. Ta ɗauki agogon Inna ta shinshina, ta ce, "Wa ya kai wannan kusa da baƙin mai?"

Badamasi na bakin ƙofa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Kafin ya buɗe baki, kofin da ke hannun Inna ya suɓuce, bakinta ya karkace.

A motar nan muka kwashe ta zuwa Birnin Kebbi. Gudun da ya yi ranar, ni da ke riƙe da kanta a baya salati kawai nake. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Ta rayu, amma hannunta na hagu bai sake ɗaguwa ba.

Yanzu Badamasi ba ya buɗe gareji sai ya ba ta koko a baki da kansa. Tiyon yana nan yana reto a gaban sitiyari, ya ƙi cire shi. Ni da Maman Ayo ba mu faɗa wa Inna zancen agogon ba, shi ma ya kasa. Duk wanda ya zo dubiya sai ta nuna shi da hannun da ya rage mata, ta ce, "Ɗana da motatai sunka cece ni, Allah shi yi mai albarka." Sai ya ajiye cokalin ya fita waje.