Rawanin Baban Likita

Shekarar da na gama sakandare a Zariya na nemi shiga makarantar koyon aikin likita, aka ce in je in jira, amsa sai shekara ta kusa zagayowa. Shugaban makarantarmu, wani Bature mai jan hanci, ya kira ni ofis ya ce in ina so in zauna wurinsu in ƙara karatun kimiyya kafin lokacin, don kada a kira ni in je ina zare ido. In kuma ba na so, En'e, wato hukumar gargajiya ta garinmu, tana neman wanda zai taimaka wa malamin asibitin sha-ka-tafi. Ya ce in zaɓa. Na ce masa, ranka ya daɗe, a Haɗejiya mai uba ba ya zaɓe shi kaɗai, sai na je gida.

Babana falken bandar kifi ne. Rabin shekara yana cikin kwalekwale yana bin masunta ta wajen Auyo, rabin kuma yana zaure yana ba da labarin abin da ya gani. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, "kai" nake tun ina rarrafe. Na durƙusa na shimfiɗa masa hanyoyin nan biyu. Ya gama ji, ya ce, "Wai har yanzu Turawan nan ba su gama gaya maka abin da za su gaya maka ba? Kai, kama aiki. In sun amsa, sai mu gani."

Ba zan ɗora masa duka ba. Ni ma na riga na hango farar rigar nan ta asibiti da keken da ake ba ma'aikaci, kuma na gaji da wake da tsutsa na makarantar kwana. Mutum ɗaya ce ta ƙi, Gwaggona, yayar Baba, wadda take kyafa masa kifi kuma ita kaɗai ce a duniya take iya katse shi yana magana. Ta ce, "Ɗan nan, koma makarantarka. In ka bari mutanen garin nan suka fara durƙusa maka, ba inda za ka. Ni na san ubanka, ni na goya shi." Na yi kunnen uwar shegu da ita, na je na karɓi riga.

Aikin nawa kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. In share ɗaki, in wanke kwalabe, in dafa allurai a tukunya, in wanke gyambo in ɗaure. Akwai manyan kwalabe a kan kanta, fari na ciwon ciki, ja na ƙarin jini, da wani mai ɗan karen ɗaci na zazzaɓi, ni nake tsiyayawa a ƙaramin kofi in ce buɗe baki. Allura kuwa malamin asibiti kaɗai ke yi, wani tsohon soja da ya yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama, mai son barcin hantsi a gindin darbejiya. Tun da ya lura mutane sun fi son layina, saboda ni ina jin Turanci har ina karanta jikin kwalba da ƙarfi, sai ya ƙara jan tabarmarsa can nesa.

Ban yi wata guda ba wata tsohuwa ta ce mini "Likita". Na waiga ban ga kowa ba. Kafin ka ce me, sunan ya bi kwalekwale ya shiga ƙauyuka. Ni dai in na hau keke na ratsa kasuwa ana "Sannu Likita", kaina sai ya yi kamar zai tsinke hula. Amma nawa wasa ne a kan na Baba.

Ranar da aka fara ce masa "Baban Likita" a kasuwar kifi, ya dawo gida da farin rawani sabo ful, mai laushi, irin wanda ake gani ta cikinsa. Mutumin da tun da aka haife ni ban taɓa ganinsa da abin da ya wuce hula mai ƙaurin hayaƙi ba! Ya kwana biyu yana koyon naɗi, yana warwarewa yana ƙunƙuni. A wurinmu kuma in an yi maka alheri, ba yaro ake yi wa godiya ba, ubansa ake zuwa a gaisar. Sai ga zaurenmu ya zama fada. Wannan ya kawo ƙwan zabi, wancan tarwaɗa tana motsi, wata ƙwaryar shinkafar fadama. Baba yana zaune cikin rawani yana karɓa, har yana tambayarsu, "Jan ya ba ka ko farin? To, madalla, jan nan ba ya wasa." Gwaggo ta leƙo ta ce, "Oh ni! Yaro na wanke gyambo, uba na cin zabi."

Da damina ta kankama, sai amsa ta zo. An ɗauke ni. In isa Kano kafin a yi girbi, in ban je ba a ba wani gurbin. Na taho da gudu har ina faɗuwa daga keke, na durƙusa gaban Baba ina haki. Ya gyara rawani, ya ce, "Su koya maka me?"

Na ce, "Aikin likita, Baba."

Ya ce, "To yanzu aikin me kake yi? Jeka kasuwa ka tambayi ko wane ne. Shekaru za ka je ka zauna a benci don a ba ka sunan da Allah ya riga ya ba ka a ƙofar gida? Ba inda za ka."

Ranar na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, a bayan rumbu inda ba mai gani. Gwaggo ce ta same ni. Ba ta ce "na gaya maka" ba, ta dai kalle ni irin kallon da ya fi faɗar ciwo. Sannan ta ce, "Tunda suna ne ya ɗaure ka, sai ka je ka ɓata abinka."

Na kuwa duƙufa ɓata sunana, bakin rai bakin fama. Duk wanda ya ce Likita, in ce masa ni mai wanke kwalba ne. Suka ce ji tawali'u, yaron nan ɗan albarka ne. Ranar kasuwa na tuɓe farar riga na ɗauki tsintsiya na share ƙofar asibiti a gaban kowa. Suka ce ka ga likitan da ba shi da girman kai. Wani mutumin Kaugama ya zo da ciwon kai, na dube shi ido cikin ido na ce, "Wallahi ban san abin da ke damunka ba, je ka gida ka yi barci." Bawan Allah ya je ya yi barci ya tashi garau. Ya dawo da zabuwa ya kai wa Baba, ya bi gari yana cewa likitan nan ya kai inda ba ya buƙatar magani, da baki yake warkarwa. Na ce na shiga uku. Gero kuwa yana ta fitar da kai, girbi na matsowa.

Kurkunu ne ya cece ni, Allah ya yafe mini farin cikin da na yi. A ƙasarmu ta fadama ba baƙon ciwo ba ne, kowace damina sai ya kwantar da manoma. Ƙurji ne ke fitowa a ƙafa yana zafi kamar an ɗora garwashi, in ya fashe sai farar tsutsa ta leƙo, siririya kamar zare. Maganinsa ɗaya kowa ya sani: a kama kan a naɗe a tsinke, kullum a murza kaɗan, har ta fito duka. In aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, mutum ya ga tashin hankali. To shi ne ya fito wa Baba a idon sawu.

Gwaggo ta ce a kira wanzami. Baba ya ce, "A gidan likita? Ki rufa mini asiri." Ya sa aka kira ni zaure, ga masu gaisuwa cike, ya miƙo ƙafa ya ce, "Kai, ɗauko allura ka kashe mini abin nan." A lokacin mutanenmu sun yi imani ba ciwon da allura ba ta kashewa, in ta yi zafi ma ta fi kyau.

Na ce, "Baba, ni ban taɓa yi wa kowa allura ba. Dafa su nake yi. Kuma ko malaminmu ba shi da ta kurkunu."

Baba ya ce, "To me za ka yi mini?"

Na fita na karyo tsinke a jikin zana.

Haka muka yi ta yi kowace safiya a ƙofar gida, don cikin ɗaki ba haske. Baban Likita cikin rawaninsa, ƙafa a kan turmi, yana cije leɓe, ni kuma a tsugune ina murza tsinke yadda Gwaggo ta nuna mini. Masu wucewa su tsaya su yi sannu, su matsa gaba kaɗan su ce, "Af, ashe shi ma tsinke ne? Ai ko wanzamin unguwarmu haka yake yi." Abin da na kasa yi da bakina, tsutsa ta yi mini shi a sati guda. Ƙwan zabi ya ja baya. Gwaggo kuma ba ta raga masa ba, in ta kawo koko sai ta ce, "Sannu Baban Mai Tsinke."

Wata safiya ba kowa sai mu biyu, na murza, zafin ya kai masa har ya riƙe kafaɗata. Gumi na bin ƙarƙashin rawanin. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kai. A can makarantar, suna da allurar wannan abin?"

Allah ya sani ban sani ba. Amma ni ma jinin Gwaggo ne. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, makarantar da ake shekara da shekaru a cikinta, ai ba a ce tsinke suke koyarwa ba."

Ya dubi ƙafarsa. Ya ce, "In ta gama fita, ka tafi. Kada ka dawo mini sai da allurar."

Ban taɓa murza tsinke da ladabi irin na kwanakin nan ba, don in ta tsinke tafiyata ta tsinke. Ta fito lafiya ana fara yankan gero. Aka kai ni tashar jirgin ƙasa, rabin hanya a kwalekwale, Gwaggo ta cusa mini bandar da ta sa duk taragon ya san ɗan Haɗejiya ya shigo.

Karatu ya ba ni wuya, ba kaɗan ba. Waɗanda suka zauna suka ƙara shekarar nan ta kimiyya sun yi mini fintinkau da farko, ni kuwa abin da na fi su sai ɗaurin bandeji. Ana nan, ranar da aka zo darasin kurkunu na zauna a layin gaba, na gyara alƙalami. Malamin ya zana wani ɗan mitsitsin ƙwaro a allo, ya ce a ruwan kududdufi yake, shi ake sha da ruwa, bayan shekara tsutsa ta fito. Na ɗaga hannu na ce allurarsa fa? Ya ce babu. In ta fito, a naɗe ta a tsinke. In ana so kada ta zo, a tafasa ruwan sha, ko a tace shi da ƙyalle mai ƙananan ido. Na fashe da dariya har aka ce in fita waje in gama.

Duk hutun da na zo gida, bayan gaisuwa Baba zai ce, "An kai ga allurar?" In ce, "Ba mu kai wurin ba tukuna, Baba." Ya ce, "Kai, Turawan nan da jan rai suke." Ni dai na riƙa ɗaura wa randarmu tsumma a ɓoye, mata su cire su ce yana hana su ɗiba da sauri.

Na gama ana ta maganar Turawa za su tafi. Ranar da na iso, zaure ya cika har waje. Baba ya tsufa, ƙafar nan ta ɗan sage yana ɗingishi, amma rawani na nan fes, an wanke an naɗa. Aka yi addu'a aka shafa. Ya dube ni a gaban kowa ya ce, "To, ina allurar?"

Yanzu kam ba wurin zillewa. Na ce, "Babu ita, Baba. Ko a ƙasar Turawa babu. A ruwan sha yake shiga. Abin da aka koya mini shi ne a ɗaure bakin randa da ƙyalle, a tace ruwa kafin a sha."

Daga bayan zana na ji Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya har da tari. Wani dattijo ya ce, "Tabɗi! Duk shekarun nan, ƙyalle?" Ni kuwa na kasa ɗaga kai, don a gaban mutanensa ne, kuma na san abin da zauren nan yake a wurinsa.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "In an yi haka, ba zai sake kwantar da kowa ba?"

Na ce, "In an dage, ba zai sake ba."

"Wane irin ƙyalle?"

Na ce mai laushi, mai ƙananan ido, wanda ruwa zai bi ƙwaro ya tsaya.

Sai ya ɗaga hannu ya kama bakin rawanin, ya shiga warwarewa a hankali, zagaye bayan zagaye, har tsohuwar hularsa ta kifi ta bayyana a ƙasa. Ya ninke shi, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Ungo, Likita. Kai ciki a ɗaure randa."