Matar da Ta Ƙi Huda Hancin 'Yata

Kafin tela ya buɗe shagonsa, kafin mai gyaran waya ya jona caji, Inna Mai Huji ta riga ta ɗora tukunya a kan risho. Ba abinci take dafawa ba, ƙarafan aikinta ne ke tafasa a ciki. Sai ta share ɗakin, ta goge kujerar da ke fuskantar taga, ta wanke hannu har gwiwa, ta zauna jiran masu zuwa. Shagon ɗan ƙarami ne. Madubi ɗaya, kwalin allurai kowace a ledarta, da kwalaben ruwan gishiri irin na asibiti a jere a kan tebur. A nan ta tsufa tana huda kunne da hanci. Jariran da ta huda wa kunne, yau su ke kawo mata nasu jariran.

Ƙarshen watan nan za ta rufe. Hannunta na dama ya fara rawa, ta ce ba za ta kai allura fuskar 'yar wani da hannun da ya daina jin maganarta ba. Ni mai walda ne, karatuna bai yi nisa ba, amma ba zan iya barin ta ta tafi shiru ba.

A layin nan an fi sanin ta da kora. Tela yakan leƙo ya ce, "Inna, ban taɓa ganin mai shagon da ke korar ciniki da bakinta ba sai ke."

Ita kuma ta ce, "Kai in ka ɓata riga sai ka farke ka sake ɗinki. Fuska fa, farke ta ake yi?"

Da 'yan mata suka fara yayin hujin tsakiyar hanci, wanda zobe ke ratsa abin da ya raba kafofin hanci biyu, korar ta ƙaru. Ta ce a ƙasan guringuntsi akwai wata 'yar fata mai laushi, nan kaɗai allura ke bi. Takan sa safar hannu ta laluba, in ba ta ji wurin ba, ba ta hudawa. Ba ta kai bindigar huji kusa da hanci. Ba ta huda mai mura. Yarinyar da shekarunta ba su kai ba kuwa, sai ta zo da uwa ko uba.

'Yata ta fari, wadda nake kira Mamana, tana ajin ƙarshe a sakandare lokacin da ta je wurinta, da mura a hanci, ba tare da kowa ya sani ba. Inna ta ce, "Je ki warke, 'yar nan, ki dawo da uwarki." Yarinyar ta san amsar da za ta samu a gida. Sai wata ƙawarta ta kai ta wani shagon gyaran farce, aka ɗora mata bindiga, aka harba ta cikin guringuntsi.

Zoben irin mai buɗaɗɗen baki ne, ana iya juya shi sama ya ɓuya a cikin hanci. Da safe in ta fita ƙofar gida sai ta sauko da shi, da yamma kafin ta shigo ta tura shi ciki, da hannun da ya riƙe ƙarfen mota da biro da komai. Ciwon da ake so a bar shi ya kwanta, kullum ana murɗa shi. Da ya fara kumbura ta shafa man zafi, ta ɗaura takunkumi, ta ce murar ce ba ta sake ta ba.

Wata ranar hutu muna karin kumallo na lura da baki take numfashi. Muryarta ta toshe, jikinta kamar garwashi, ga wani wari da ban gane ba. Uwarta ta miƙa hannu ta ja takunkumin ƙasa. Hancin ya yi jajir ya cika fuska, kafofin biyu sun rufe, kumburin ya fara hawa ƙasan ido. Can ciki ana hango ƙyallin ƙarfe.

Mai huji ɗaya na sani a duniya. Na sa filaya a aljihu, na ja yarinyar zuwa shagon Inna, ina faɗa tun daga bakin titi. Inna ba ta ce min ba ita ta huda ba. Mamana ce ta faɗa da kanta, a hankali, tana kallon ƙasa. Inna ta zaunar da ita, ta haska tocila, ta duba ba tare da ta taɓa ba.

Na fito da filayar na ce, "A yanke shi a huta."

Ta ce, "Mai walda, mayar da abin nan aljihu, wannan ba ƙofar gida ba ce. In ka zare shi a nan ramin ya rufe, mugunya ta rasa hanyar fita. Likita ne zai cire. Wannan ya fi ƙarfina, ya fi naka."

Akwai wata mata zaune da jaririya tana jiran huji. Inna ta ba ta haƙuri, ta kashe risho, ta miƙa wa tela mukulli, ta riga mu shiga tasi.

A asibiti likita ya ce mugunya ta taru ta gefe biyu, har ta fara cin guringuntsin, kuma irin wannan ciwon yana iya hawa sama ya taɓa ƙwaƙwalwa. Aka shiga da ita. Muka zauna a kan benci, uwarta da ta biyo mu tana kuka ba sauti. Na ce, "Inna, za ta tashi?"

Ta ce, "Ban sani ba, ɗana. Amma mun kawo ta inda ya kamata." Can ta juyo ta dube ni. "Yarinyar da ta gwammace hancinta ya ruɓe da ta nuna shi a gida, tsoron wa take ji?"

Na juya ina kallon ƙofar da aka shiga da Mamana.

An tsaga, an matse, an cire zoben, an yi ta ƙarin ruwa da allurai. Allah ya yi da sauran kwana. Bayan an sallame mu, kowace safiya Inna takan biyo ta gidanmu kafin ta buɗe shago. Ta wanke hannu, ta jiƙa auduga da ruwan gishiri yadda likita ya tsara, ta bar ɓawon ciwon ya yi laushi ya faɗi da kansa. Ta hana sosawa, ta hana fyace hanci da ƙarfi, ta ƙwace man zafin ta jefa a jakarta. Ranar da uwar yara ta kawo tsumma da ruwan zafi za ta gasa wurin, Inna ta ce, "Ƙanwata, targaɗe ta yi? Kai wa mai walda ya gasa bayansa, shi ne ya tsufa." A duk kwanakin nan wannan ce dariya ɗaya da aka yi a ɗakin.

Da kumburin ya sauka muka ga abin da ya rage. Hancin ya lotsa a tsakiya. Mamana ta daɗe gaban madubi, sannan ta ce, "Inna, zai koma kamar da?"

Ina tsaye a bayanta ina yi wa Inna alama da ido ta ce eh. Ta gan ni sarai.

Ta ce, "Ba zai koma ba, 'yar nan. Likita ya ce nan gaba akwai aikin da za a iya gwadawa, amma ba zan ce miki kamar da ba. Kina shaƙar iska da shi?" Yarinyar ta gyaɗa kai. "To, da wannan za mu fara."

Sai a ranar Mamana ta yi kuka, kuma a ƙirjin Inna ta yi shi.

Tela ya gaya min tun daga lokacin Inna ta sake salon kora. In ta ƙi huda yarinya ba ta barin ta ta fita da fushi. Takan zaunar da ita, ta nuna mata a nata hancin inda fata take da inda guringuntsi yake, ta ce, "In ma wani wurin za ki, ki tambaye su da me za su huda. In suka ɗauko bindiga, ɗauki jakarki."

Inna, ke ce kika karɓi zagin da ba naki ba, ba ki rama ba. Ke ce kika san inda aikinki ya tsaya, kika ce ya fi ƙarfinki a lokacin da wani zai ce bari in gwada. Ke ce kika gaya wa 'yata gaskiya ranar da ni ubanta na kasa. Mai hannun sanyi, na gode. Allah ya ba hannun nan hutu, ya saka miki da abin da ba za mu iya ba.

Ku masu riƙe allura a fuskar 'ya'yan mutane, ku je ku zauna da ita kafin wata ya ƙare, ku koyi cewa a'a. Mu kuma iyaye, in yarinya ta nace sai ta huda, gara ta je da mu wurin wanda ya iya, da ta je a ɓoye wurin wanda bai iya ba.

Na karanta wa Mamana wannan rubutun kafin in fitar da shi. A farko na rubuta cewa ta warke sumul. Ta ce, "Baba, goge wannan. Rubuta cewa ya lotsa. Wata za ta karanta."

Na goge, na rubuta yadda ta ce.