Tarin da Ke Cikin Bangon Tsohon Sito

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma Allah shi ne shaidata. Farkon shekarun tamanin ne, ina malamin gona a Funtuwa, kullum ina kan babur tsakanin Bakori da Ƙarfi ina duba gonakin auduga da masara. Ban daɗe da aure ba, na gaji da gidan haya, sai na ji an ce akwai wani tsohon sito da kamfani ya daina ajiye auduga a ciki, wani ɗan kasuwa ya saya ya sa magina sun yanka shi sashe takwas yana sayarwa, kowa ya mallaki nasa, rijiya da tsakar gida da ƙofar shiga kuwa na kowa da kowa ne. Na sayar da gonar gadona ta Malumfashi na sayi sashe ɗaya, ɗaki da falo da ɗan madafi.

Kada ku ɗauka wani kango ne a bayan gari. A'a, bayan tasha ne, tun asuba 'yan kamasho ke ihu, ga injin niƙa, ga masu facin taya, ga manyan motocin hatsi suna girgiza ƙasa. Amma da ka shigo ciki sai ka ji kamar an toshe maka kunne, bango mai kauri, tagogi can sama, ko da rana tsaka akwai duhu-duhu da wani sanyi marar daɗi.

Wadda muke haɗa bango da ita wata dattijuwa ce Kirista, mutuniyar Gozaki, Mama Rifkatu, ta yi aikin jinya a asibitin mishan har ta yi ritaya. Ni da nake fita da safe in dawo da yamma ban san ko su nawa ne a sashenta ba. Maiɗakina Hauwa ce ta fara ce mini, “Malam, mijin Mama fa ba shi da lafiya, kullum daga azahar zuwa la'asar tari yake.” Ranar wata Lahadi ina gida na ji da kunnena. Busasshen tari ne na tsoho, sau uku a jere, sai wani dogon jan numfashi kamar ana goga zarto a katako, ya yi shiru, ya sake. Wallahi sai da tausayi ya kama ni.

Abin mamaki, mun fi wata huɗu a haka ba wanda ya gane. In Hauwa ta ce, “Mama, ya mai jiki?” sai ta ce da sauƙi, ta ɗauka ciwon gwiwarta ake tambaya. In ita kuma ta ce, “Ya jikin Baba?” sai Hauwa ta ce da sauƙi, ta ɗauka mahaifinta na Malumfashi ake nufi.

Rannan na dawo da wuri, sai ga Mama ta yi sallama da kwalbar magani a hannu, ta ce, “Malam, ka yi haƙuri da shisshigi, amma tsohon nan naku a kai shi asibiti. Na daɗe ina jinyar masu tari, wannan ba na wasa ba ne.”

Na ce, “Wane tsoho, Mama? Mu biyu ne kawai. Ba maigidanki ba ne?”

Ta kalle ni ta ce, “Maigidana ya rasu tun kafin in zo garin nan. Ni kaɗai ce.”

Ba ta rufe baki ba tarin ya tashi, sau uku, a bangon da ke bayan kujerata. Hauwa ta saki kofin da ke hannunta.

Da yake ina da igiyar awon gona, na ɗauko na auna sassanmu biyu ta waje, na shiga na auna ta ciki, na cire kaurin bango, sai ga wajen ƙafa biyar sun ɓace. Na sake aunawa, haka. Wato tsakanina da Mama akwai wani ɗan lungu da ba ƙofa ba taga. Na nemo maginin da ya yi aikin, ya rantse haka ya tarar da bangayen biyu, shi filasta kawai ya shafa. Muka tara masu gidan a tsakar gida, wasu suka ce a fasa, wasu suka ce abin da bai taɓa kowa ba a bar shi, daga ƙarshe aka ce bangon namu ne mu biyu, mu yanke. Mama ta yi ta jan ƙafa, ni na dage. Wannan dagewar har yau tana cina.

Ranar Asabar da hantsi maginin ya fasa ta falona, ya yi rami daidai shigar mutum, na haska tocila na leƙa. Babu gawa, babu ƙashi, kada in ƙara muku abin da ban gani ba. Tabarma ce a shimfiɗe, da wata tsohuwar hula a rataye jikin ƙusa, ƙurar auduga ta rufe komai fari fat, sai buta a gefe. To, butar nan ba ƙura a jikinta. Na miƙa hannu na ɗaga, da ruwa a ciki, ƙasan wurin kuma a jiƙe, kamar yanzun nan mutum ya gama alwala. Innalillahi! Maginin ya leƙa sau ɗaya ya fita, ko gudumarsa bai ɗauka ba.

Mama ta ce a hankali, “Malam, a rufe. Mun shiga wa mutum ɗaki ba sallama.”

Ni da hannuna na kwaɓa siminti na toshe. Na kira malamai aka yi saukar Alƙur'ani, ita ma ta kira fastonsu suka yi addu'a. Na bi tsofaffin leburorin sito ina tambaya, wani ya ce an taɓa yin maigadi mai tari da aka wayi gari ba a gan shi ba, wani ya ce ƙarya ne, ɗakin ajiye buhuna ne. Ban sami magana ɗaya tsayayya ba.

Kwana tara ba mu ji komai ba, har na fara murna. Rana ta goma na dawo da wuri, ina shigowa da babur na ji tarin, amma ba daga bango ba, daga madafi. Hauwa ce. Irinsa sak, sau uku da jan numfashin, da muryar da ba ta yi kama da tata ba, kuma ana kiran la'asar ya ɗauke. Tana da cikin wata shida lokacin. Na kai ta asibiti aka ɗauki hoton ƙirji aka ce ba komai, amma cikin mako biyu ta zube kamar ba ita ba.

Mama ta sa kunne a bayanta ta saurara, ta ja ni gefe ta ce, “Ɗauke yarinyar nan yau, kada ka jira gobe.”

Na ce, “Ke fa, Mama?”

Ta ce, “Ina za ni? Nan ne gidana, ba ni da wani.”

Na sa Hauwa a mota zuwa gidansu, tun daga ranar ba ta sake tarin ba. Sai dai ɗan bai zo da rai ba. Ina can ina fama da wannan, aka aiko mini cewa Mama ta kwanta da tari, kafin a fara cirar auduga ta rasu, 'yan'uwanta suka kai ta Gozaki suka rufe sashenta da kwaɗo.

Bayan wata biyu na koma kwashe kayanmu, da rana tsaka, na baro hayaniyar tasha a waje. Ina naɗe katifa aka yi tarin a bango. Na daure na ci gaba. Sai aka sake wani, siriri, na mace. Na tsaya cak. Sannan na ji muryar da na sani sarai, a hankali, yadda take yi wa marasa lafiya: “Sannu, Baba. Sannu.”

Na bar katifar a nan. Sashen kuwa ban sayar wa kowa ba, don ban ga wanda zan iya kallon idonsa in miƙa masa makullin ba. Har yau ban san mene ne a lungun nan ba, kuma in na ji tsoho na tari bayan azahar sai na tashi na tabbata na ga fuskarsa.

Don Allah, in za ku shiga tsohon gini, ku tambayi abin da aka yi a cikinsa kafin ku kai iyalinku, ku san maƙwabtanku ɗaya bayan ɗaya. In kuma kun tarar da wuri a rufe, ku bar shi yadda kuka same shi. Allah ya tsare mu.