Sunan Yankan Ɗiyata ta Fari

Shekarun da kuɗin mai ya fara yawo a ƙasa, wani kamfanin masu hanya ya ɗauke ni gadi. Sun kafa sansani a daji tsakanin Faskari da Sabuwa, suna ta tura ƙasa da katafila. Da damina ta kankama sai aiki ya tsaya, direbobi da leburori kowa ya kama gabansa, aka bar ni da injuna da wata rumfar kwano. Matata tana ƙauyenmu, gefen Ƙanƙara, da cikin fari. Sai in wuni ban ji muryar mutum ba, in ba wani Bafillace ya ratso da shanu ya yi mani sannu ba.

A ƙarƙashin kujerar wata tifa na tsinci littafin. Ba bango, baƙin mai ya cinye farkonsa, ƙarshen kuma an yage, ina jin ƙosai aka ƙunshe da shi. Ni ba ɗan boko ba ne. Ajin yaƙi da jahilci na shiga, shi ma ban kai ƙarshe ba. Da yatsa nike bin baƙi, kuma sai na faɗa da baki sannan in gane abin da aka rubuta. To amma ina za ni? Na zauna na yi ta haɗawa.

Labarin wata yarinya ne da ta bar garinsu ta bi fatake tana neman ƙanenta da ya ɓace. Ba ta da surutu. Duk inda ayari ya sauka, sai ta share wurin kafin ta zauna, ko da gindin itace ne. Wannan sharar ce ta kama ni, ban san dalili ba. Sunanta kuwa ban taɓa jin mai irinsa ba a ƙasarmu. Gajere ne, mai daɗi a baki. Ina dafa wake ina faɗarsa, ina zagaya injuna ina faɗarsa. Kafin masara ta nuna na riga na yanke: in mace aka haifa, sunanta ke nan.

Mace aka haifa. Wani mai keke ya kawo mani saƙo, na bar wa wani manomi amanar sansanin na kama hanya. Na tsaya kasuwar Ƙanƙara na sayi rago da gumina, ban jira na Baba ba.

Baba ya riga ya aje sunan yayarsa marigayiya. Da na faɗa mashi nawa sai ya sa na maimaita, sannan ya tambayi ko ɗiyar wane annabi ce. Na ce a littafi na gani. Ya tambayi yadda ta ƙare a littafin, na ce ƙarshen ya yage.

Ya ce, "To madalla. In a shafin da aka ci ƙosai da shi ta haukace fa?"

Ban janye ba. Da a shekarun baya ne, magana ta ƙare daga nan. Amma lokacin yaro mai albashi ya fara samun baki a gida, kuma ga rago ɗaure a turke kowa ya san wanda ya jawo shi. Baba ya ce in je in faɗa wa Malam da kaina, shi bakinsa ba zai ɗauka ba.

Malam liman ya juya sunan a baki, ya tambayi ma'anarsa, na ce ban sani ba. Ya ce bai ji wani abin ƙi a ciki ba, kuma suna haƙƙin uba ne, amma in sani yarinya ce za ta ɗauke shi, ba ni ba. Da safiyar suna aka raba goro, aka yi addu'a, ya raɗa. Maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, ya haɗiye tsakiyar sunan. Daga cikin gida aka yi guɗa, sai kuma dariya ta biyo baya. Gwaggona ta leƙo zaure tana tambaya ko sunan mutum ne ko na maganin ciwon kai da ake tallarsa a kasuwa.

Na buɗe baki zan gyara masu. Ta ɗaga mani hannu.

"Kai, rufa mana asiri. Ɗiyar fari ce fa. A bakinka za a ji?"

Nan na yi sanyi. Ba wai ban san al'ada ba. A wajenmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, uwa ma haka, har su mutu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira wana da sunansa ba, sai dai "kai" ko "wancan". Amma a daji, ni kaɗai, abin bai taɓa faɗo mani ba. Na zaɓi suna kamar wanda zai riƙa kiransa safe da yamma.

Sai ya zama ba mai faɗa. Ni ba dama, uwarta ba dama, Baba ya ƙi, mata kuma sun ce harshensu ba ya juyawa. Suka liƙa mata sunan ranar da aka haife ta, shi ya bi ta.

Na koma sansani. Na ɗauko littafin, na kasa karantawa. Kowane shafi ga sunan, ni kuwa ba na iya karatu a zuci. Ba kowa a dajin sai ni da katafila, amma yanzu sunan yana da mai shi, kunya ta biyo ni har can. Na gwada tsallakewa, in ce "yarinyar" in wuce, sai labarin ya zama na wata daban. Na tura shi ƙarƙashin kujerar da na same shi. Sauran daminar da rediyon da wani direba ya bari na ƙarasa ta, har batir ya mutu.

Sau ɗaya na karya al'adar. Tana da kamar shekara huɗu, na zo hutu lokacin girbin gero. Da hantsi gida ya watse gona, aka bar ta wajen wata tsohuwa da barci ya ɗauke a inuwar rumbu. Tana tsugune tsakar gida ta ba ni baya, tana jera ƙwallon goruba. Na duba zaure, na duba bayan danga, ba kowa. Na kira ta da sunan, a hankali, daidai yadda yake a rubuce.

Ba ta juyo ba. Na ƙara ɗaga murya kaɗan. Ta ci gaba da jera gorubarta, kaza ce ma ta ɗaga kai. Ba wanda ya taɓa gaya mata nata ne.

Sannan na ce, "Ke." Ta juyo da gudu ta riƙe mani ƙafa, tana tambaya ko na zo da alewa. Na ce na zo da ita, na zaro na ba ta.

Yanzu tana ɗakinta a Sabuwa da 'ya'yanta, sunan rana suke ji ana kiranta da shi. Ko a nan ma ba zan rubuta na yankan ba. Wani zai karanta da baki, kuma daga hannuna ya fito.