Masu Ƙofa na Bayan Gidan Dada

Ni ban taɓa son tatsuniya ba, gara in faɗa tun farko. Wuta da gyaɗa ne suke zaunar da ni. Dada, kakata ta wajen uba, gidanta yana Yolde Pate, can inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. In an sauke tuwo ba ta yarda a kashe murhu. Sai ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, ta miƙe ƙafa, mu kuma mu kewaye ta. Tatsuniyarta ba ta sauri. Takan tsaya ta gyara itace, ta yi tari, ta yi wa akuya faɗa, ni kuwa ina cewa, "Dada, sai me ya faru?"

"Ku ji min uwar gaggawa," in ji ta. "Wannan yarinya ko haihuwar shi bai jira ungozoma ba."

Hausar Dada ke nan. Da Fulatanci ta tashi, saboda haka mace da namiji duk "shi" ne a bakinta.

A bayan gidan akwai wani gangare na jar ƙasa ƙarƙashin tsamiya. Dada ta hana a share shi, ta hana a zuba ruwan wanki, ta hana a ɗaure akuya. Wata rana da na dame ta da tambaya, ta ja ni can, ta tsuguna da tsinke a hannu, ta ɗaga wani abu da na ɗauka ƙasa ce kawai. Murfi ne, bai fi na kwalba ba, an ɗinke gefe ɗaya da yana kamar ƙyaure. A ƙarƙashinsa rami ne sumul, an lulluɓe bangonsa da farar yana. Kafin in leƙa da kyau, wasu baƙaƙen ƙafafu suka fito suka fizge murfin, suka rufe. Dada ta ja da tsinke, na ciki ya riƙe gam. Gizo-gizo ne, amma ba irin na lungun ɗaki ba. Masu ƙofa take ce musu. Ta nuna min babban murfi guda, ta ce tun babana bai yi aure ba take ganinsa a nan. Ƙananan da ke kewaye da shi kuma 'ya'ya ne da jikoki, don ba sa nisa da inda aka haife su.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare shekarar da mutanen Mubi suka gudo daga harin 'yan bindiga. Goggo Asta, ƙanwar babana, ta iso da yara huɗu, ko tukunya ba ta ɗauko ba. Gidan Dada ya cika har ana kwana a zaure. Amma murhu bai fasa ba. Ga dokar hana fita, ga yaran Goggo da ko faranti ya faɗi sai su zabura, sai Dada ta ƙara yawan gyaɗa, ta ƙara tsawon tatsuniya.

A irin wannan dare ne, bayan sallar isha'i, ta buɗe tatsuniya, ta ce, "Ga wata baƙuwa ta taso, wa zai ba shi wuri?" Muka ce mun shimfiɗa mata tabarma.

Wai a farkon duniya gizo-gizo duk a ƙasa suke zaune, uwa ɗaya ta haife su. Uwar tana da 'ya'ya mata uku. Ta fari ta ce rami ya yi mata duhu, ta hau bishiya ta koyi saƙa a iska, daga gare ta aka sami duk masu yana. Ta biyu ta ce ita ba za ta zauna jiran abinci ba, ta bar gida ta kama farauta da ƙafa, jikokinta ne suke gudu a bango har yau. Autar ta ce ita ba inda za ta. Ta zauna a ramin uwarta, ta kwaɓa ƙasa da yana ta yi masa ƙofa. 'Yan'uwanta suna wucewa suna mata dariya, wai ta binne kanta da ranta. Sai gobara ta tashi a daji. Mai saƙa ta rasa gidanta, mai gudu ta ƙone ƙafa, auta kuwa ta ja ƙofarta ta riƙe, wuta ta bi ta kanta ta wuce. Da gari ya waye ta buɗe, ta ga toka ko'ina, ita ko gashinta bai taɓu ba.

"Shi ya sa," in ji Dada, "wanda ya san ƙofar shi—"

"Inna, ki bari."

Goggo Asta ce. Tun zuwanta ba ta cika magana ba. Tana zaune a bakin ɗaki, ba ta ma kalli wutar ba.

"Surukata ma haka ta ce. Ta ce ita ba inda za ta, ta tsufa da gudu. Na ji lokacin da ta sa sakata. Ki gaya wa yaran nan gaskiya, ƙofa ba ta tare kowa."

Gyaɗa ta ƙone a toka, muna jin ƙaurinta. Dada ba ta rufe tatsuniyar ba a ranar, ta dai tashi ta shiga ɗaki.

Bayan kwana kaɗan Bappa Sali, yayan babana, ya ce dole a ƙara ɗaki, mutane ba za su ci gaba da kwana a zaure ba. Ƙasar tubali mai kyau kuma babu kamar ta gangaren nan. Ya faɗa wa Dada a tsaye, yana karkaɗa makullin mota.

"Inna, 'yarki da jikokinki a waje, ke kina gadin ƙwari?"

Ta dube shi, ta dubi yaran Goggo, ta ce, "Ku haƙa."

Ni ce mai wayo. Na ce a raina abin ai ba wuya, tunda magina sai jibi za su zo. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauki cokali da gwangwanin madara, na tafi gangare da rana tsaka, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ina tonewa. Sun fi zurfi fiye da yadda na zata. Babbar nan sai da na haƙa har gwiwar hannu kafin na same ta a ƙasan ramin, ta dunƙule, ta ɗaga ƙafafun gaba. Na kwashe goma sha wani abu, na kai su gindin mangwaro a ɗaya gefen gidan, inda ƙasa take da laushi da inuwa. Har ramuka na yi musu da kara, kowa nasa. Na wanke hannu ina jin kamar na yi aikin lada.

Washegari da sassafe na ja Dada ta zo ta gani. Biyu ƙanana sun shige ƙasa. Sauran suna nan a fili inda na ajiye su, kusa da ramukan da na yi musu, ba wadda ta shiga. Kaji sun riga mu zuwa. Babbar tana kwance a gefe, tururuwa sun lulluɓe ta, ƙafa ɗaya tana motsi.

Dada ta daɗe a tsugune. Na jira ta zage ni, da ta zage ni da na ji sauƙi.

"Yaro ne yake haƙa rami," ta ce. "Tsoho ba ya sakewa. Ƙaramin rami yake farawa, yana girma yana faɗaɗa shi. In kin fitar da shi, kin gama da shi." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Da kin bar wa magina. Ko ba komai da a ɗakin shi ya mutu."

An gina ɗakin, Goggo ta zauna a ciki shekara biyu kafin ta koma Mubi. Daga baya a aji biyar malamin bayoloji ya ce irin waɗannan gizo-gizo tsohon iri ne ƙwarai, macensu takan haura shekara ashirin a rami ɗaya, kuma in an lalata wurinsu ba sa iya ƙaura, sai dai su ƙare a wurin. 'Yan aji suna rubutawa. Ni na riga na sani, da cokali na koya.

To ga abin da yake ci na. Shekara uku da suka wuce ƙafafun Dada suka kumbura, aka yi taron gida a kan a dawo da ita Jimeta wurin babana, kusa da asibiti. Ta ce ba ta so. Bappa da babana da kowa suna jin nauyinta. Ni ce na buɗe baki. Na ce wannan taurin kai ne, ga ɗaki da tayil da fanka da banɗaki a ciki, me ake jira? Ni na naɗe mata kaya, ni na riƙe hannunta har mota.

Wata biyar ta yi a Jimeta kafin ta rasu. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ba ta kuma buɗe jakarta ba, kullum in za ta canza zane sai ta zaro ɗaya ta mayar da zif. A gidanmu da gas ake girki, babu murhun da za a zauna a gabansa, yaran gidan kuma suna da waya. Ko tatsuniya ɗaya ba ta yi a can ba.

Mutane suna ce min na kyauta, wai ta sami kulawa a ƙarshen rayuwarta. Goggo Asta ma ta ce da an yi wa surukarta haka da tana raye. Wataƙila gaskiyarta, ni ban san wadda ta fi gaskiya tsakaninta da Dada ba, kuma na daina ƙoƙarin sani. Abin da na sani shi ne, a karo na farko yarinya ce ni, ba wanda ya gaya min. A karo na biyu an gaya min, da bakin mai abin, kuma na ji sarai.